Yadda kwamitin makaranta zai dafa wa mace shugabar makaranta, ya kuma karrama ta

Wannan bayani na waɗanda aka ɗora wa kwamitin makaranta ne a cikin birnin Kano, ko SBMC, wato kwamitin al'umma mai taya gudanar da makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin Islamiyyar unguwa, kuma shugabar makarantar mace ce, ko kuma ana so wata malama ta kai ga kujerar. Yawancin kwamitoci da zarar an ce a karrama Malama sai hankali ya tafi kan rumfa da lasifika da turmin atamfa. Waɗannan suna da ranarsu, amma su ne a ƙarshe. Aikin na zango uku ne cur, kuma mafi yawansa zama ne da rubutu da bin ofis. Yabon da bai shiga fayil ɗin mace ba, ranar da aka naɗe tabarmi ya ƙare.

Abubuwan da za a tanada

- Littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, na rubuta abin da aka yanke a kowane zama, da kwanan wata da sa hannu.
- Fayil biyu: ɗaya na kwafin takardun Malama, ɗaya na wasiƙun da kwamiti ya aika da waɗanda ya karɓa.
- Takarda mai ɗauke da sunan kwamiti, da hatimi. In babu, farar takarda da sa hannun mutum biyu da hatimin mai unguwa ta wadatar.
- Littattafan makaranta, waɗanda za a nemi izinin dubawa: rajistar ɗaukar ɗalibai, rajistar kiran suna, littafin sa hannun malamai, littafin baƙi, littafin kuɗi, da littafin da shugaba ke rubuta abubuwan da suka faru kullum.
- Ƙaramin kwamiti na mutum biyar. Aƙalla biyu mata ne, kuma ɗaya daga cikinsu tsohuwar malama, wadda ta san ofis ta san fayil. Sauran: wakilin mai unguwa, uba ɗaya, da matashi mai iya rubutu da waya.
- Kuɗin mota da na kwafin takardu. Ba su da yawa, amma rashinsu ne ke fara kashe irin wannan aiki.

1. Ku fara sanin wa ke da wuƙa da nama

Kwamiti ba ya naɗa shugabar makarantar gwamnati, shawara yake bayarwa. Firamare tana ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma hanyar isa can ita ce ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku, ko Dala ce, ko Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa, Birni, Kumbotso ko Ungogo. Manyan sakandare suna da tasu hukumar da ofisoshin shiyya, makarantun kimiyya da fasaha kuma hukumarsu daban. A makarantar kuɗi mai makaranta ne ke yanke hukunci, a Islamiyyar al'umma kuwa sau da yawa kwamitin ne da kansa.

Kuskuren farko shi ne tsallake ofis a tafi gidan ɗan siyasa. Kujerar da aka samu ta wannan hanya, da iskar ta juya sai ta tafi da ita, kuma Malama za ta zauna da tabon "sa ta aka yi" a bakin malamanta.

2. Ku zauna da ita kafin ku yanke komai

A nemi lokaci bayan an tashi, a ofishinta, ƙofa a buɗe, kuma da mace a cikin masu zuwa. Kada a wuce minti arba'in, domin yaranta ma sun taso daga tasu makarantar. Bayan gaisuwa, tambaya uku ce: "Malama, me ya fi ci miki tuwo a ƙwarya a wannan zangon? Me kike so mu yi, me kuma kike so mu bar miki? Nan da shekara uku ina kike son ganin kanki?"

Amsar farko kusan kullum "Alhamdu lillahi, ba komai" ce. Kunya ce da tsoron kada a ce ta gaza. Ku yi shiru kaɗan, ko tsohuwar malamar da ke cikinku ta tsaya bayan mazan sun fita. A nan ne za a ji cewa mai gadi ba ya jin maganarta, ko rabon ta da ƙarin girma an daɗe, ko makewayin malamai mata ba shi da ƙyaure. A rubuta abin da ta yarda a rubuta kawai.

3. Gyaran takardu

Nan ne aka fi yi wa mata fintinkau, ba don rashin iya aiki ba, sai don namiji ya tashi daga makaranta ya hau babur ya bi fayil ɗinsa, ita kuwa ta tashi ta nufi tukunya. A tara kwafin waɗannan: takardar ɗaukar aiki, takardar tabbatarwa, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, shaidar NCE ko digiri, shaidar rajista da TRCN (hukumar rajistar malamai ta ƙasa), da takardar da aka turo ta makarantar da ita. A shimfiɗa su a kan tebur a jere, a karanta suna da ranar haihuwa a kowace.

Abin da ake yawan tararwa shi ne saɓanin suna. A shaidar sakandare sunan mahaifi, a takardar aiki sunan miji, a banki kuma an haɗa biyun. Wani lokaci harafi ɗaya ne, Rukayya a nan, Ruqayya a can. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ƙarin girma ko ya jawo matsala ranar tantance ma'aikata. Maganinsa takardar rantsuwa daga kotu, sai a kai kwafi ofis a sa a fayil, a karɓi shaidar an karɓa. Ranar haihuwa kuwa kada wanda ya taɓa ta da biro. In akwai saɓani a bi ta ofis a rubuce.

Sai matakin karatu. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, amma mai neman shugabanci, musamman a sakandare, tana buƙatar digiri, in kuma digirin ba na koyarwa ba ne sai ta ƙara da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri. Wuraren karatu ba su yi wa Kano ƙaranci ba: Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero, da Sa'adatu Rimi, makarantar horar da malamai da ke Kumbotso, da cibiyoyin NTI (hukumar horar da malamai ta ƙasa) masu karatun ƙarshen mako, da Jami'ar NOUN ta karatu daga gida ga wadda ba za ta iya zaman aji kullum ba. Gargaɗi ɗaya: kada ta fara karatu sai da izinin ofis a rubuce. Shaidar da aka kawo ba da izini ba tana iya daɗewa ba a lissafa ta ba. Jarrabawar TRCN a kwamfuta ake yi, saboda haka wadda ba ta saba ba, matashin kwamiti ya zaunar da ita awa ɗaya sau uku ko huɗu kafin ranar.

In kuɗin makaranta ne cikas, adashin malamai yana yin aiki: a roƙi a ba ta ɗaukar watan da ake rajista. Ba sadaka ba ce, jeri kawai aka gyara.

Fom ɗin auna aikin shekara ma a tabbata ana cikawa a kan lokaci. Da yawa suna rubuta "koyarwa" kawai a gurbin ayyuka, alhali su ne suka tsara jarrabawa, suka riƙe rajista. Abin da ba a rubuta ba, wanda ke ofis ba zai gan shi ba.

4. Ku ba ta iko na gaske, a gaban mutane

Takardar ofis ta ba ta kujera, amma unguwa ce ke ba ta ƙafar tsayawa. A makon farko ko na biyu na zango, kwamiti ya raka ta gaisuwa wurin mai unguwa da liman. Shugaban kwamiti ya faɗa a fili: "Ranka ya daɗe, ga shugabar makarantarmu. Duk abin da ya shafi makaranta, ita ce ƙofa." A maimaita wannan a taron iyaye na farko, a kuma maimaita a gaban malamai da masu gadi da masu shara.

Daga nan sai ku riƙe maganarku. Za a zo. Uba zai tare shugaban kwamiti a ƙofar masallaci da ƙarar an kori ɗansa. Malami mai furfura, wanda ya riga ta shiga aiki, zai zo da nasa ƙorafin. Amsa ɗaya ce: "Ka ga Malama? Je ka gan ta, in ba a warware ba mu zauna tare da ita." Ranar da kuka yanke hukunci a bayanta, kun sauke ta ko da tana kan kujera. Wani abin lura kuma: baƙo daga ofis ya shigo ya miƙa wa mataimakinta namiji hannu, ya ci gaba da magana da shi kamar shi ne shugaba. Ɗan kwamitin da ke wurin ya gyara cikin ladabi nan take: "Yallaɓai, ga shugabar nan."

Batun kuɗi a fayyace shi tun wuri. Makarantun da suka ci moriyar shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, sun ga yadda kuɗin gyara ke bi ta hannun SBMC, kuma a irin wannan wurin ne ake ɓata wa shugaba suna. Dokoki uku za su tsare ta: kada ta sa hannu a takardar da ba a cike ba, ko wa ya kawo, kowace fitar kuɗi ta zama an yanke ta a zama an rubuta a littafi, a ƙarshen zango a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa. Kada kuma a ce don mace ce mai amana ta riƙa ajiye kuɗin kwamiti a jakarta. Amanar nan ita ce ke komawa zargi.

In shugaban yanzu namiji ne kuma kuna so ku raini malama, ku duba irin aikin da ake ba mata. Kusan kullum kwamitin abinci, tarbar baƙi, da kula da tsabta. Ba a zama shugaba da waɗannan. Ku roƙi shugaba ya ba malama ɗaya tsara jadawalin darussa, wata ta riƙe jarrabawa, wata ta riƙe rajistar ɗaukar ɗalibai, ana juyawa duk shekara. Ranar da zai fita taro ya bar riƙon makaranta ga ɗayarsu, ya rubuta haka a littafi da sunanta. Layi ɗaya ne, amma shi ne hujjar cewa ta taɓa riƙe makaranta.

5. Lokaci, wuri, da hidimar gida

Taron da aka sa bayan Magariba a zauren wani, an sa shi ne ba da ita ba. A mayar da zama harabar makaranta, Asabar da hantsi, ƙarfe 10 zuwa 12, ko ranar aiki da an tashi. A azumi kada a kai La'asar. A ba da sanarwar kwana uku, don ta shirya gida. In aka kira ta taro nesa, kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa ya fito daga asusun kwamiti, ba daga albashinta ba.

Makewayin malamai mata ya zama da ƙyaure da sakata da buta da ruwa. Ɗaki ɗaya ko lungu mai inuwa, da tabarma da labule, inda 'yar raino za ta zauna da goyo, yana hana malama mai shayarwa ficewa gida da tsakar rana. Ko ajin da ba a amfani da shi ya isa.

Hutun haihuwa haƙƙi ne. Abin da ke lalata shi rashin shiri. Wata guda kafin lokaci a rubuta takardar miƙa aiki: makullai, littattafai, kuɗin da ke ƙasa, ayyukan da ba a gama ba, da sunan mai riƙo. A aika kwafi ofis, a rubuta a fili cewa riƙo ne zuwa dawowarta. In ba a yi haka ba, sai ta dawo ta tarar mai riƙo ya yi kane-kane. Haka ake yi in rasuwar miji ta sa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma: kwamiti ne zai rubuta wa ofis, ya bi maganar, ba ita ba.

Maganar maigida kuwa a taka a hankali. Akwai gidan da ziyarar dattijo ɗaya daga kwamiti, ya yi godiya ya yi bayanin aikin, take sauƙaƙa komai. Akwai gidan da wannan ziyara ita ce za ta ta da ƙura. Ita ta san gidanta. Sai ta ce a je, sannan a je.

6. Ma'aunin da za a karrama da shi

Yabon da ba shi da hujja, malamai maza za su ce son kai ne, matan ma ba za su ɗauke shi da daraja ba. Saboda haka a makon huɗu na zangon farko a ɗauki lissafi, a sake ɗauka a ƙarshen zango na uku. Ga rabon maki 100 da ya dace da yawancin makarantu:

- Zuwan ɗalibai, musamman 'yan mata, daga rajistar kiran suna: 25
- Zuwan malamai da shigarsu aji: 20
- Karatun yara: 25
- Tsabtar lissafi da cikar littattafai: 15
- Hulɗa da iyaye da rainon ƙananan malamai: 15

Kada a dogara da rajista kaɗai. Sau biyu a zango, ba sanarwa, mutum biyu su shiga aji uku su ƙirga kawuna su gwada da abin da aka rubuta, kuma ɗaya daga ranakun ta zama Juma'a, ranar da aka fi fashin makaranta. Gwajin karatu mai sauƙi ne: a ɗauki yara goma daga aji uku, ba waɗanda malami ya zaɓo ba, kowane ya karanta layi biyar na Hausa, ya yi lissafi biyar. A rubuta nawa suka iya.

Ci gaba ake aunawa, ba girman makaranta ba. Shugabar da ta karɓi aji mai yara fiye da ɗari a kan siminti ba za a gwada ta da mai kujeru da fanka ba. A gwada ta da inda ta tarar da makarantar.

7. Takardar yabo

Wannan ita ce karramawar da ke daɗewa. Shafi ɗaya, zuwa ga Sakataren Ilimi ko shugaban shiyya, da cikakken sunanta kamar yadda yake a fayil, da lambar fayil ɗin. A guji "mai haƙuri ce, uwa ce ga kowa". A rubuta abin da ta yi: a zangon farko 'yan mata kaza ke zuwa kullum, yanzu kaza; ta dawo da yara kaza da suka daina zuwa ta hanyar bin gidajensu tare da iyaye mata; lissafin kuɗi ya fito daidai an liƙa a allo. A rufe da roƙon a sa takardar a fayil ɗinta, a kuma tuna da ita wajen ƙarin girma da kwasa-kwasai.

Kwafi huɗu: na ofis, na hukumar jiha ta hannun ofis, nata, da na kwamiti. Wanda ya kai kada ya baro wurin sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafin kwamiti. Bayan mako biyu a koma a tambaya ko ta shiga fayil. Takardu da yawa a kan teburin magatakarda suke kwana.

8. Ranar taro

Ranaku uku sun dace: 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ko ranar raba kyaututtuka a ƙarshen zango na uku, wadda ta fi sauƙi tunda iyaye sun riga sun taru. Awa ɗaya da rabi ta isa. Addu'a, sai a karanta takardar yabon da ƙarfi yadda aka rubuta ta, sai uwa ɗaya da ɗaliba ɗaya su yi magana minti uku-uku, sai miƙa shaida, sai ita Malama ta yi jawabi. A ba ta minti goma cikakku. An sha ganin taron karrama mace inda maza takwas suka yi jawabi, ita kuwa aka ce ta yi godiya a taƙaice lokaci ya ƙure.

Mai jawabi da ke neman abin kafa hujja ba sai ya je nesa ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato, inda take naɗa shugabar kowace tawagar mata masu neman ilimi, ana ce mata jaji, ta ba ta malafa da jan rawani, alamar da kowa zai gani ya san an ba ta jagoranci. A zamaninmu kuma Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i, 'yar Jigawa da ta koyar a Jami'ar Bayero, ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013.

Abubuwan kiyayewa: kada a sa wa ɗalibai kuɗin kyauta ko na anko. Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana karatu kyauta kuma dole, kuma karɓar kuɗi a hannun yara zai iya jawo wa wadda ake karramawa takardar tuhuma. Kada kyautar ta fito daga kuɗin gyaran makaranta. A nemi gudummawar tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa, a rubuta wa ya ba da me. A tambaye ta kafin a sa hotonta a Facebook ko WhatsApp. In ba ta so, a sa hoton shaidar da na makarantar. Ɗan siyasa in ya zo a ba shi kujera, kada a ba shi taron. Sannan a ambaci mataimakanta da malamanta maza da mata da sunayensu, don gobe tare za su shiga aji.

In babu kuɗi sam, a yi a layin safe: ɗalibai a tsaye, mai unguwa ya karanta takardar, a miƙa mata a cikin firam. Kyautar da ta fi atamfa amfani ita ce biyan kuɗin rajistar zango ɗaya na karatunta, ko kabad mai makulli na ajiye littattafan ofis.

9. Bayan an watse

A cikin mako guda a rubuta rahoton taron a littafin kwamiti, a haɗa da kwafin makin da aka bayar. A tambayi ofis lokacin da ake karɓar sunaye don kyaututtukan malamai na jiha da na tarayya, a miƙa nata da wannan hujjar a haɗe. A ƙarfafa mata shiga ƙungiyar shugabannin makarantu, AOPSHON ga firamare, ANCOPSS ga sakandare, domin a can ake jin labarin kwas da gurabe tun kafin su fito.

Shugabar da ta yi fice ba ta daɗewa ba a ɗauke ta zuwa babbar makaranta ba, kuma bai kamata ku rubuta takardar hana ta tafiya ba, sai in ita ta nema. Abin yi shi ne a zaman farko na sabuwar shekara a roƙe ta ta ba da sunan malamai mata biyu da take ganin za su iya. A buɗe wa kowace fayil, a shimfiɗa takardunta a tebur, a fara duba suna da ranar haihuwa kamar yadda aka yi a mataki na uku.